Harafi ɗaya tsakanin ladabi da gadon miji

Ɗiyar yayata ce ta jawo maganar, lokacin hutun da ya wuce. Tana aji uku a karatun lauya. Ranar tana zaune kan tabarma a tsakar gida, takardun darasin dokar filaye baje a gabanta, biro a hannu. Na lura duk inda ta ci karo da wata kalma sai ta saƙala mata ɗan ƙaramin "o" a sama. Na tambaye ta me take gyarawa. Ta ce, "Kawu, mai buga takardar nan ne ya yi ta kwafsawa. Sau shida yana rubuta curtesy, alhali courtesy ake rubutawa."

Mai bugu bai kwafsa ba. Kalmomi biyu ne, kuma idan Bature ya furta su kunne ba ya raba su, duk "katisi" za ka ji. Mai harafin "o" ita ce wadda kowa ya sani, ladabi da girmama mutane da iya mu'amala. Marar "o" kuwa ba a jin ta a kasuwa ko a hira, sai a tsofaffin littattafan shari'ar Ingila, kuma ma'anarta haƙƙin da namiji yake samu a kan filayen matarsa bayan ta rasu. Akwai ma ta uku, curtsy, ɗan rusunawar da mata ke yi a gaban sarki ko sarauniya, a ja ƙafa ɗaya baya a lanƙwasa gwiwa. Mu Hausawa bai kamata irin wannan ya ba mu mamaki ba. A boko, gadon kwanciya da gadon dukiya rubutunsu ɗaya, jan wasali da karin murya ne kawai ke raba su. Tsakanin fada da faɗa kuwa ƙugiya ɗaya ce a kan harafi, amma wanda aka ce ya je fada daban yake da wanda aka ce ya je faɗa.

Abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne su waɗannan kalmomi na Turanci ba haɗuwar hanya suka yi ba, uwarsu ɗaya. Bayan da Wiliyam na Nomandi ya ci Ingila da yaƙi a 1066, Faransanci ya zama harshen masu mulki da alƙalai na ɗaruruwan shekaru. Daga can kalmar ta shigo, kuma tushenta shi ne kalmar da ke nufin fadar sarki, wadda ita ce dai ta haifi "kotu" da muka ara daga baya. Ke nan asalin ma'anar ita ce ɗabi'ar mutanen fada, yadda ake shiga, yadda ake gaisuwa, yadda ake tauna magana kafin a furta. Hausa ma ta bi wannan hanya, daga fada muka samu bafade da fadanci, sai dai namu fadancin ya karkata zuwa yabon neman shiga, nasu ya tsaya a kan kyakkyawan hali.

To, ita courtesy ta yau, jigonta shi ne ba dole a ciki. Abin da 'yan jaridarmu ke kira ziyarar ban-girma, da wannan kalma ake faɗarsa a Turanci, kuma babu kotun da za ta hukunta gwamna don bai kai wa sarki irin wannan ziyara ba. Turawan Birtaniya suna da laƙabin da suke kira da wannan suna, laƙabin girmamawa da ake bai wa 'ya'yan manyan masu sarauta ba tare da doka ta ba su sarautar ba. Mahaifin Winston Churchill, wato Randolph Churchill, ana kiransa Lord saboda ɗan Duke na Marlborough ne, amma a idon doka gama-gari ne, shi ya sa ya iya tsayawa zaɓe ya zauna a majalisar wakilai, inda masu sarauta na ainihi ba su da kujera a lokacin. Kamar yadda muke ce wa dattijo Alhaji ko bai taka ƙasa mai tsarki ba. Kara ce, ba ta ɗora wa kowa nauyi, ba ta kuma ba kowa ikon kai ƙara.

Curtesy kishiyar wannan ce gaba ɗaya. Haƙƙi ne mai sharuɗɗa, wanda alƙali ke tilastawa, wanda ke iya hana ɗa shiga gonar uwarsa shekara talatin ko arba'in.

Kafin a fahimce shi sai an san matsayin matar aure a tsohuwar shari'ar Ingila. Da zarar an ɗaura aure, doka na ɗaukar miji da mata mutum ɗaya ne, kuma mutumin nan mijin ne. Kuɗinta da dabbobinta da kayan sawarta sun zama nasa. Filin da ta gada daga ubanta yana nan da sunanta, amma miji ke riƙe da shi, shi ke karɓar kuɗin haya da amfanin gona muddin auren na raye. Ba ta iya sayar da shi ita kaɗai, ba ta iya yin wasiyya da shi. Sai kuma wani abu da zai ba Musulmi mamaki: a wannan tsari miji ba magajin filin matarsa ba ne, mata ma ba magajiyar filin mijinta ba ce. Ƙasa jini take bi, babban ɗa namiji ne ke ɗauke ta duka, idan babu namiji 'ya'ya mata su raba. Saboda haka tambayar da ta taso ita ce, mutumin da ya yi shekara ashirin yana riƙe da filin matarsa, ranar da ta cika sai ya tattara ya fita?

Amsar da shari'ar ta bayar ita ce wannan haƙƙi. Idan sharuɗɗa sun cika, mijin zai ci gaba da riƙe dukkan filayen da matar ta mallaka, yana cin amfaninsu har ƙarshen ransa. Ba mallaka aka ba shi ba. Abin ya fi kama da aron gona wanda wa'adinsa mutuwar mai aro. Ba zai iya sayar da asalin filin ba, ba zai bar wa 'ya'yan wata matar ba, kuma idan ya lalata shi, ya sare manyan itatuwa ko ya bar gini ya rushe, magaji na iya kai shi ƙara. Ranar da ya mutu fili ya koma hannun magajin matar.

William Blackstone, wanda littafinsa na sharhin dokokin Ingila ya fito tsakanin 1765 da 1769, ya lissafa sharuɗɗan guda huɗu. Aure ya zama ingantacce, filin ya zama ya shiga hannun matar a zahiri ba wai tana jiran sa ba, a haifi ɗa, sannan matar ta riga mijin mutuwa. Uku daga ciki babu abin ja. Na haihuwar ne ya cika kotuna da rigima, kuma a nan ne na fi son mu tsaya.

Ba a ce ɗan ya rayu ba. An ce a haife shi da rai. Jaririn da ya zo duniya ya yi numfashi na ɗan lokaci ya koma, ya gama yi wa ubansa aiki, ko da uwar za ta ƙara shekara ashirin a duniya ba ta sake haihuwa ba. Daga ranar haihuwar haƙƙin ya ƙullu, mutuwar matar cika shi kawai take yi. Wanda kuwa aka haifa babu rai, ko da cikin ya kai wata tara cif, bai ba uban komai ba. Ranar da matar ta mutu ɗan'uwanta ko ɗan baffanta zai zo ya karɓi makulli.

Ka kwatanta ɗakin haihuwa a wani gidan gona a Ingila cikin ƙarni na 13. Ungozoma da maƙwabta mata suna ciki, ƙofa a rufe. Miji na waje, dangin matar na waje, kowa ya kasa kunne, kuma ba duka ne ke fatan abu ɗaya ba. Tsofaffin littattafan shari'ar, tun daga na wajajen 1188 wanda ake jingina wa babban alƙali Glanvill, sun ce sai an ji kukan jaririn a tsakanin bango huɗu. Dalilin da alƙalan wancan zamani suka bayar shi ne mata ba sa zama cikin masu rantsuwar tabbatar da magana a kotun sarki, maza kuma ba sa shiga ɗakin haihuwa, don haka babu abin da namiji zai iya shaida sai abin da ya tsallako bango ya shiga kunnensa. Matan da suka karɓi jaririn a hannunsu, suka ga ƙirjinsa na ɗagawa, maganarsu ba ta kai nauyin kunnen wanda ke tsaye a waje ba. Daga baya an sassauta, Blackstone ya ce kuka shi ne hujja mafi ƙarfi amma ba shi kaɗai ba ne.

Akwai wasu rassa biyu da ke nuna tsaurin abin. Idan uwa ta cika wajen naƙuda, aka tsaga cikinta aka ciro ɗan da rai, miji bai samu haƙƙin ba, domin a daidai lokacin da ta mutu ba a haifi kowa ba tukuna. Ɗan zai gaji filin, uban ba shi da rabon cin amfani. Haka nan dole ɗan ya zama wanda zai iya gadon wannan fili. Idan kakanni sun ɗaure filin cewa maza kaɗai ke gadonsa, aka haifi mace, haihuwar ba ta ƙirgu ba.

Me ya sa haihuwa ta zama mabuɗi? Domin a wancan zamani fili ba dukiya kawai ba ne, aiki ne. Duk mai riƙe da ƙasa yana ƙarƙashin wani ubangida, yana yi masa mubaya'a, yana ba shi mayaƙa ko kuɗin da ke madadinsu. Haihuwar ɗa ita ke mayar da miji daga baƙo a filin zuwa uban magaji, mai kula da abin da ɗansa zai gada. Wannan hujja tana da ma'ana idan ɗan na raye kuma ƙarami ne. Amma shari'ar ba ta tsaya nan ba. Ko ɗan ya mutu, uban na nan. Ko ɗan ya girma ya yi aure ya tara iyali, sai ya jira. Mafi ɗaci, miji na biyu ma yana samu. Mace ta haifi ɗa da mijinta na fari, ya rasu, ta sake aure, ta haifi wani jariri da bai kwana ba, sai ta mutu. Ɗan fari shi ne magaji, amma mijin uwarsa ne zai zauna a filin har ya mutu. Agola da gonar uwarsa, yana kallo daga bakin shinge.

Daga nan ne gardamar sunan ta taso. A takardun Latin na farko ana cewa mutum yana riƙe da fili ne "bisa dokar Ingila", daga baya aka koma cewa bisa curtesy na Ingila. Blackstone ya karkata ga cewa sunan ya fito ne daga halartar fadar ubangida, wato mijin ya zama ɗaya daga cikin masu zuwa fada a kan wannan fili. Frederic Maitland, wanda shi da Frederick Pollock suka fitar da tarihin shari'ar Ingila a 1895, ya ga abin ta wata fuska, cewa lauyoyin Ingila suna alfahari ne da sakin hannun dokarsu idan aka gwada da ta maƙwabta. A Nomandi akwai makamancin haƙƙin, amma da miji ya sake aure ya faɗi. A yankin Kent na Ingila kanta, al'adar gargajiya rabin fili take ba shi, ko an haihu ko ba a haihu ba, shi ma muddin bai sake aure ba. Dokar gama-gari ta Ingila kuwa ta ba shi duka, har ƙarshen ransa, ko ya sake aure. A ganina bayanin Maitland ya fi zama da gindinsa. Idan haka ne kuwa, kalmar ladabi ce aka ɗauka aka laƙaba wa haƙƙin, sannan lauyoyi suka riƙe tsohon rubutun, sauran jama'a suka bi sabo. Shaida a kan haka ita ce a Sikotilan, inda haƙƙin ya daɗe yana aiki, da "o" ɗin suke rubuta shi. Da ɗiyar yayata a Edinbara, babban birnin Sikotilan, take karatu, da gyaranta ya yi daidai.

Sai dai in an ce doka ta yi karamci, dole a tambaya, wa ta yi wa, kuma da dukiyar wa? Amsar tana fitowa idan aka ajiye haƙƙin miji kusa da na mata. Matar da mijinta ya rasu ita ma tana da nata, wanda ake kira dower, amma sulusi ne na filayen mijin, shi ma cin amfani zuwa ƙarshen rai. Ba a shardanta mata haihuwa ba, wannan kam sauƙi ne. Babbar yarjejeniyar Magna Carta ta 1215 ta ba ta damar zama a gidan mijin kwana 40 kafin a ware mata rabonta, ta kuma hana a yi mata auren dole. Amma shi duka, ita sulusi. Dokar 1285 ta ce matar da ta bar mijinta ta bi wani ta rasa rabonta sai in mijin ya yafe ya mayar da ita, shi kuwa miji ko me ya aikata a waje haƙƙinsa na nan. A 1833 majalisa ta ba miji ikon kashe rabon matarsa ta hanyar sayar da filin ko yin wasiyya da shi, ita kuwa a lokacin ba ta da wata hanya ta kashe nasa. Wannan kalma ta dower ma wani tarko ce ga mai karatu, domin littattafan Turanci da yawa da ita suke fassara sadaki, alhali sadaki mallakar mace ne tun ranar ɗaurin aure, ba ya jiran mutuwar kowa.

Ni dai ban ga karamci a cikin tsarin da ya fara da shafe sunan mace daga dukiyarta, sannan ya yi alfahari da yawan abin da ya bar wa mijinta ba. Ban kuma ce babu wani alheri a ciki ba. Dattijon da ya ƙarar da ƙarfinsa a gonar matarsa bai cancanci a kore shi ranar sadakar uku ba, kuma dokar ta kare shi daga hakan. Amma ta kare shi ne gwargwadon sa'ar ɗakin haihuwa. Wanda Allah bai ba haihuwa ba, ko ya yi shekara arba'in yana jinyar matarsa, hannu rabbana zai fita.

Rushewar tsarin ba ta zo dare ɗaya ba. Dokokin dukiyar matan aure na 1870 da 1882 sun ba mace ikon mallaka da sayarwa da wasiyya, don haka haƙƙin miji ya rage a kan abin da ta mutu ta bari ba tare da ta yi wani tanadi a kansa ba. Dokar tafiyar da dukiyar mamaci ta 1925, wadda ta fara aiki ranar 1 ga Janairu 1926, ta soke haƙƙin miji da na mata duka in ban da wasu 'yan wurare ƙalilan, ta kawo tsari ɗaya ga wanda ya rage a cikin ma'aurata, namiji ne ko mace. A yau a Ingila, idan mutum ya mutu ba wasiyya kuma akwai 'ya'ya, abokin zamansa na aure yana ɗaukar kayan amfanin yau da kullum, da fam 322,000 na farko bisa adadin da aka sa a 2023, da rabin abin da ya saura, mallaka ba aro ba. Idan babu 'ya'ya ya ɗauki duka. Sikotilan ta soke nata a 1964, Jamhuriyar Ailan da dokar gado ta 1965. A Amurka, inda Turawan Ingila suka kai tsarin, yawancin jihohi sun maye gurbinsa da kaso na dole wanda miji ko mata za su iya nema ko da wasiyya ta hana su. 'Yan kaɗan, irin su Arkansas da Kentucky, har yanzu suna da tsofaffin sunayen a dokokinsu, amma an daidaita rabon tsakanin maza da mata.

To me ya kawo kalmar cikin takardun ɗaliba a Nijeriya? Tarihi ne. Turawan mulkin mallaka sun shigo mana da dokar gama-gari ta Ingila, tare da dokokin majalisarsu na bai-ɗaya waɗanda ke aiki ranar 1 ga Janairu 1900. A wannan rana haƙƙin yana raye a Ingila, sokewar 1925 ta zo ne bayan an ja layi. Tun a 1898, a shari'ar Cole da Cole a Legas, kotu ta yanke cewa mutumin da ya yi auren coci a Saliyo, dokar gado ta Ingila ce za ta raba dukiyarsa ba al'adar gargajiya ba. Daga baya Jihar Yamma ta yi tata dokar a 1959 bisa samfurin ta 1925. Saboda haka mai karatun lauya ba zai fahimci inda dokar gadon masu auren rajista ta fito ba sai ya bi ta kan waɗannan tsofaffin kalmomi. Gadon Musulmi kuwa hanyarsa daban, kotunan shari'ar Musulunci ke duba shi, kuma sashe na 277 na tsarin mulkin 1999 ya ambaci gado da wasiyya da kyauta da waƙafi cikin hurumin kotun ɗaukaka ƙara ta shari'a.

A nan ne kwatancen ya fi daɗi, domin tambaya ɗaya ce aka ba ta amsa biyu. Aya ta 12 a Suratun Nisa'i ta yanka wa miji rabin abin da matarsa ta bari idan ba ta da ɗa, rubu'i idan tana da shi, bayan an fitar da bashi da wasiyya. Ita kuma rubu'i idan ba shi da ɗa, tumuni idan yana da shi, wanda muke kira tumunin takaba. A Ingila ta da, haihuwa ke ɗaga miji daga babu zuwa duka. A Musulunci haihuwa rage masa take yi daga rabi zuwa rubu'i, domin a buɗe wa ɗan hanya nan take. Can aro ne mai faɗi, nan mallaka ce mai iyaka, ya sayar ko ya kyautar ko ya bar wa magadansa. Can ɗan da ya mutu tun shekara ashirin yana ƙirguwa, nan ɗan da ke raye lokacin mutuwar uwar kaɗai ake dubawa, nasa ne ko na wani mijin. Kuma wanda bai haihu ba shi ne ma ya fi samun kaso mai tsoka.

Abin mamaki, kukan jariri yana nan a namu fiƙihun. Duk wanda ya yi karatun Risala ta Ibn Abi Zaid Alƙairawani a zaure ya wuce ta wurin da aka ce jaririn da bai yi kuka ba lokacin haihuwa ba a yi masa salla, ba ya gado, ba a gadonsa. Sai dai littafin nan, wanda marubucinsa ya rasu a shekara ta 996, ya karɓi shaidar mata biyu su kaɗai a kan abin da maza ba sa gani, ya kuma ambaci haihuwa da kukan jariri da suna. Ungozomar da kotun sarkin Ingila ta ƙi saurara, alƙalin Malikiyya yana saurarenta.

Kukan yana juya lissafi a nan ma. A ce mace ta rasu wajen haihuwa ta bar naira 2,400,000, da miji, da uwa da uba. Idan jaririn bai zo da rai ba, miji na da 1,200,000, uwarta 400,000, ubanta 800,000. Idan namiji ne ya zo ya yi kuka, ya rayu bayan uwar ko da na ɗan lokaci ne sannan ya koma, miji na da 600,000, iyayenta 400,000 kowanne, jaririn ya gaji 1,000,000. Wannan miliyan ɗin kuma sai a sake raba ta, kakarsa ta wajen uwa ta ɗauki sudusi, sauran ya koma hannun ubansa. Rabon surukin ya ragu da rabi, na mijin ya haura 1,400,000.

Inda maganar kalmomin nan biyu ta dawo gida ke nan. Turawa sun ɗauki haƙƙi suka sa masa sunan ladabi. Mu kuma sau da yawa ladabin ne ke cinye haƙƙin. Namiji na jin nauyin a ce ya ci gadon matarsa, musamman a gaban surukai. Dangin marigayiya su zo bayan sadakar bakwai su kwashe gado da katifa da kwanuka da ɗan zinarin da ta tara, shi yana zaure ya sunkuyar da kai, bakinsa ya yi nauyi. Alhali duk abin da ya tabbata mallakarta ne, har da ragowar sadakin da bai gama biya ba, dukiyar gado ce da 'ya'yanta ke da mafi yawan kaso a ciki. Kunyarsa ba rabonsa kaɗai take zubarwa ba, har da na marayun da ba su da baki. Ta ɗaya gefen kuma, matar da mijinta ya rasu sai a riƙa miƙa mata tumuninta kamar alfarma ake yi mata, a ja ta shekara da shekaru, in ta yi magana a ce ba ta da kara. Wannan yana ci min rai ƙwarai, domin na ga gidajen da zumunci ya tsinke a kansa bayan shekaru, lokacin da yaran suka girma suka fara tambayar ina ɗan kunnen uwarsu.

Na taɓa zama a wani rabon gado a unguwarmu. Marigayiyar ta bar 'ya'ya uku ƙanana, da keken ɗinki biyu, da awaki, da fili guda da ta saya da kuɗin adashi. Malamin da aka kira ya baje takarda a kan buzu ya fara lissafi. Da ya zo kan rubu'in miji, sai mijin ya ɗaga hannu, muryarsa na rawa, ya ce, "Allah gafarta Malam, a bar nawa. Ba zan iya cin kayanta ba." Surukinsa, dattijo mai farin gemu, ya ce, "Allah ya yi maka albarka, ɗana." Malam bai ajiye alƙalami ba. Ya ce, "Malam, za a rubuta naka da adadinsa, ka gani da idonka. In ka ga dama ka ba iyayenta, in ka ga dama ka ƙara wa yaran, shaidu na nan. Na yaran kuwa babu mai ikon yafe shi, ko kai ko Baba." Aka yi wa awakin kuɗi, aka kira tela ya yi wa kekunan kuɗi, aka rubuta komai. Mijin ya karɓi takardar ya daɗe yana dubawa, sannan ya ce a haɗa rabonsa na filin da na 'yar autar, keke ɗaya kuma a kai wa kakarsu. Aka ƙara layi biyu a ƙasan takardar, mutum huɗu suka sa hannu, dattijon ya dangwala yatsa.